Bankin da ke ƙirjin rigar Liverpool da alaƙarsa da garinmu Jos



A zaman ƙungiya da ya gabata matasa sun kawo shawarar a rubuta wa bankuna takarda, a nemi ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin gasar ƙwallon unguwa ta hutun ƙarshen shekara. Hujjarsu ita ce bankin da ya iya buɗe reshe a Landan da Kinshasa ba zai gaza sayen kofi da riguna ba. An yi dariya, an kuma amince. Sai dai dattawa sun ce kafin a ɗauki biro a fara duba yadda bankuna suka saba yi da wasanni, wa suke ba kuɗi, me kuma suke nema a ciki. Abin da muka tattaro ke nan. Ya ɗan yi tsawo, a daure a karanta.

Mu fara da abin da kowa ke gani. Duk ranar da Liverpool ke wasa, gidajen kallon ƙwallo na unguwar nan cike suke da jajayen riguna, a ƙirjin kowace an rubuta Standard Chartered. Tun 2010 sunan yake wurin. Da yawa daga masu sanye da rigar sun ɗauka wani kamfanin Turawa ne da ba ruwansa da mu. Alhali akwai lokacin da wannan banki ne uban gidan First Bank, kuma shi First Bank ɗin a birnin Liverpool aka yanke cibiyarsa.

A 1894 wani attajirin jiragen ruwa mai suna Alfred Jones, shugaban kamfanin Elder Dempster na Liverpool, ya kafa Bank of British West Africa. Jiragensa ne ke kwasar manja da sauran kaya daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin biya. A lokacin ana ciniki da wuri, da ƙarafa, da musayar kaya, ga sulallan ƙasashe daban-daban suna yawo. Sai ya karɓi reshen wani banki da ya gaza a Legas, ya samu gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi shi kaɗai damar shigo da sababbin sulallan azurfa daga Ingila. Wanda ya riƙe bakin famfon kuɗi kuwa ba ya rasa abokan ciniki.

Abin lura shi ne bankin bai tsaya ya cika Nijeriya ba kafin ya tsallaka. A 1896 ya buɗe a Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara. A 1898 ya sauka Freetown ta Saliyo, a 1902 kuma Bathurst, wato Banjul ta Gambiya a yau. Daga baya har Laberiya da Maroko ya kai. Ke nan mutumin Accra ya riga mutumin Kano ganin ƙofar wannan banki da shekaru masu yawa. Hanyar jirgin ruwa yake bi, inda tutar Ingila take nan yake yada zango. A 1912 ya haɗiye abokin hamayyarsa Bank of Nigeria, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, bankin ya zama wakilinta. Daga nan Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka koma kashe kuɗi iri ɗaya. Anini da kwabo mai huji da taro da sisi da sule da tsofaffinmu ke ba mu labari, su ne dai ake karɓa a kasuwar Kumasi. Yau shekara nawa shugabannin ECOWAS suna taro a kan kuɗin bai ɗaya, suna ɗaga ranar fitowarsa, alhali kakanninmu sun riga sun kashe irinsa, ko da yake ba don jin daɗinsu aka yi shi ba.

Kada a ɗauka Bature ne ya koya wa mutanen nan kasuwancin ƙetare. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka wurin fatoma a zango, shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai tsaya wa baƙo idan za a ba shi bashi. Aikin banki ne cif, illa dai babu kanta babu takarda, amana ce jarin. Alhassan Ɗantata a wannan makaranta ya tashi, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gana kafin ya shiga harkar gyaɗa. Sanannen labari ne a Kano cewa a 1929 ya kai ajiyar sulalla lodin raƙuma ashirin wannan banki. Ko ba komai labarin ya nuna cewa bankin ya tarar da dukiya ne a ƙasa, ba shi ya zo da ita ba.

Mu a nan Jos kuza ce ta jawo mana banki. Turawa sun fara haƙa a wajajen Naraguta tun farkon ƙarnin da ya wuce, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo a 1927. Dubban lebura, wasu daga ƙauyukan dutsen nan, wasu daga Kano da Barno da ƙasashen kudu, ana biyansu da tsabar kuɗi, su ma da tsabar kuɗi ake karɓar harajinsu. Dole a samu inda za a tara sulallan a kuma aika da riba Landan. Bankuna biyu ne suka raba wannan aiki a zamanin, na Alfred Jones da Barclays. Lebura dai iyakarsa layin biya a sansanin haƙa. Masu shiga cikin banki su ne manajojin kamfanonin ma'adinai da jami'an gwamnati da manyan 'yan kasuwa.

To, a nan ne maganar wasa ta shigo. Waɗancan manajoji da joji-joji da hafsoshin soja, da yamma filin golf suke tafiya ko filin ƙwallon dawaki. Filin golf na Rayfield, wanda ake cewa tun 1913 yake, domin su aka share shi. A 1919 bankin ya ba da kofin da ake kira Georgian Cup ga masu ƙwallon dawaki a Kaduna. Wasan ya samu karɓuwa a gidajen sarauta, musamman Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har yau ake ambato. Bankin ya sauya suna sau da yawa, masu shi sun sauya, Turawa sun tafi, an yi yaƙin basasa, sojoji sun hau sun sauka, amma kofin nan bai rasa mai ɗaukar nauyi ba. A 2019 First Bank ya yi bikin cikarsa shekara 100. Haka gasar golf ta Ikoyi a Legas, fiye da shekara 60 ke nan yana riƙe da ita, ga kuma gasar tanis ta Dala a Kano da ya daɗe yana tallafawa. Wannan riƙon alkawari abin yabo ne, ba mu hana shi ba. Amma a dubi su wa ke zaune a rumfa ranar da ake miƙa kofin: sarakuna, gwamnoni, janar-janar, masu kamfanoni. Ajiyar mutum ɗaya a cikinsu ta fi ta layi guda a unguwarmu.

Da 'yancin kai ya matso, sai aka fara sassare bankin. A 1957 ya cire kalmar British daga sunansa. Gana ta fitar da kuɗinta, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, kuɗin bai ɗaya ya watse. A tsakiyar shekarun 1960 Standard Bank na Landan ya saye shi, a 1969 kuma doka ta sa aka yi wa ɓangaren Nijeriya rajista daban da sunan Standard Bank of Nigeria. A shekarar ce uwar kamfanin ta haɗe da Chartered Bank aka samu Standard Chartered, wato sunan da ke kan rigar. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na shekarun 1970 suka rage hannun jarin Turawa zuwa ƙasa da rabi, a 1979 aka raɗa masa First Bank of Nigeria, mai tambarin giwa. Rassan Accra da Freetown da Banjul kuwa suka zauna a hannun Standard Chartered. Barclays ma a 1979 ya koma Union Bank mai doki, bayan gwamnatin Obasanjo ta janye kuɗaɗenta daga cikinsa saboda hulɗar uwar kamfanin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Bankin da aka haifa da ƙafa a ƙasashe huɗu ya wayi gari ɗan ƙasa ɗaya.

A wannan zamani ne bankuna suka shiga ƙwallon ƙafa da gaske, kuma ba tambari kawai suke liƙawa ba, kulob suke kafawa sukutum, su ɗauki 'yan wasa aiki da albashi. Akwai ACB ta Legas, akwai ta First Bank, akwai ta Union Bank. Wadda ta fi tashe ita ce New Nigeria Bank ta Benin, wadda ta ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1983 da 1984, ta ci gasar lig ta ƙasa a 1985. Marigayi Stephen Keshi da Henry Nwosu duk sun sa rigarta. Sunan ƙaramin bankin jiha ya zaga ƙasashen maƙwabta inda ba shi da ko tebur, albarkacin ƙwallo.

Jos fa? Jos ta riga su duka, amma ba da kuɗin banki ba. Mighty Jets da aljihun mutum ɗaya ta tashi, Alhaji Isyaku Ibrahim. Ita ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Manyanmu har yau idan aka taɓo wasan ƙarshe na Challenge Cup na wannan shekara sai ka ga sun gyara zama. Bendel Insurance na gaba da ci biyu a Legas, lokaci ya kusa cika, mutane sun fara fita, Sam Garba Okoye ya farke duka biyun. Aka sake wasan a Ibadan, Jets ta sha kashi da ci 3 da 2. Kulob na kamfanin inshora mai gwamnati a bayansa, da kulob na ɗan kasuwa guda da 'yan wasan da suka taso a filayen makarantun garin nan, kowa da irin ƙabilarsa da addininsa, riga ɗaya. Kofin ya yi ta kufce wa Jos har sai 1999 da Plateau United ta ɗauko shi, a 2017 kuma ta ci lig. Ita kuma kuɗin gwamnatin jiha ke riƙe da ita. Mikel Obi da Ahmed Musa daga wannan ƙasa suka fito. Garin da ya ba Nijeriya kyaftin-kyaftin bai taɓa samun irin alkawarin shekara ɗari da filin dawakin Kaduna ya samu ba.

Kulob-kulob ɗin bankuna ma ba su yi ƙarko ba. Da tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1980, bankuna suka shiga halin ni-'yasu, abin da aka fara yankewa shi ne ƙwallo. New Nigeria Bank ta watse, ACB ta bi bankinta. Abin da ya rage mai armashi shi ne ƙwallon kwando na mata na First Bank, Elephant Girls, waɗanda suka ci kofin kulob-kulob na Afirka a 2003 da 2009. Wannan kam 'ya'yan talakawa ne suka ci moriyarsa, a faɗi gaskiya.

Sai 2004, gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 daga biliyan 2, ko ya nemi wanda zai haɗe da shi. Kafin 2005 ta ƙare bankuna 89 sun koma 25. Bank of the North na Kano ya narke cikin Unity Bank. Namu na gida, Lion Bank mai hedkwata a nan Jos, Diamond Bank ya haɗiye shi, a 2019 kuma Access Bank ya haɗiye Diamond. Giwa ta tsira, doki ya tsira, zakinmu ne ya tafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga maganar da muke yi. A da idan kana neman tallafi, mai sa hannu yana cikin gari, wataƙila kun haɗu a wurin biki ko jana'iza. Yanzu manyan bankunan nan hedkwatarsu na Legas.

Waɗanda suka tsira sun fito da jari mai kauri, sai suka fara leƙen waje. First Bank, wanda ya buɗe reshe a Landan tun 1982 ya kuma mayar da shi cikakken banki a 2002, ya sayi wani banki a Kwango ta Kinshasa a 2011. A 2013 ya sayi rassan International Commercial Bank na Gana da Gambiya da Gini da Saliyo, na Senegal ya biyo a 2014. Wato sai da ya zaro kuɗi ya sayi hanyar komawa Accra, garin da ya fara shiga a 1896. UBA ya bazu a ƙasashen Afirka kusan ashirin. Access ya shiga Kenya da Afirka ta Kudu da Botswana da wasunsu, a 2023 kuma aka sanar cewa Standard Chartered zai sayar masa da bankunansa na wasu ƙasashe, ciki har da Saliyo da Gambiya. A duba yadda abin ya zagayo. Gadon rassan da Alfred Jones ya buɗe a Freetown da Bathurst ya faɗo hannun bankin Nijeriya, kuma bankin da tsohon Lion Bank ɗinmu ke cikin cikinsa. Shi ma Access da ya tashi tallata kansa, gudun famfalaƙi na Legas ya ɗauka tun 2016, da ƙwallon dawaki na Fifth Chukker da ke kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, inda ake tara wa UNICEF gudummawa.

Akwai wani giɓi a taswirar da ya kamata mu gani. A jerin ƙasashen da First Bank ya shiga tsakanin 2011 da 2014 babu Nijar, babu Chadi, babu Kamaru, alhali can ne mutanen Arewa suka fi kai kaya su sayo kaya. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Kano har gobe ɗan canji ya fi yi masa amfani, ya ba da naira a nan, a kira waya, a karɓi sefa a can. Fatoma ne dai ya sake riga. Dalili kuwa, a tsarin bankuna kuɗin da za su tashi daga wata ƙasar Afirka zuwa maƙwabciyarta sau da yawa sai an juya su dala, sun bi ta wani banki a Amurka ko Turai, kowa ya yanki ladansa. Domin magance haka aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Accra a watan Janairun 2022, ƙarƙashin Afreximbank, don mai naira ya biya mai sidi kai tsaye. Manyan bankunan Nijeriya sun shiga. Sai dai siyasa na iya rushe abin da aka gina cikin dare ɗaya, kamar yadda aka gani da rufe iyakoki a 2019, da takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 2023.

Mu koma kan rigar. Standard Chartered ya sayar da ragowar hannun jarinsa na First Bank a 1996, ya dawo Nijeriya da sunansa a 1999. Lokacin da ya ƙulla da Liverpool, jaridu sun ruwaito fam miliyan 80 na shekara huɗu. Abin mamaki, bankin ba shi da wasu rassan kirki a titunan Ingila, kasuwarsa tana Asiya da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ba mutanen Liverpool yake yi wa talla ba. Masu kallo ta tauraron ɗan Adam yake nema, daga Hong Kong har bencin gidan kallo na Tudun Wada. Barclays ma ya liƙa sunansa a gasar Firimiya har zuwa 2016. Idanunmu suna cikin abin da aka saya da wancan kuɗi, mu kuma muka ƙara da sayen rigar da kuɗinmu.

Abin da ya sauya daga zamanin lebura shi ne yanzu mu ma abokan ciniki ne. Kusan kowane gida akwai mai asusu, kowace kwana akwai mai POS, albashi da kuɗin makaranta da cinikin mai tumatir duk ta waya suke wucewa. Bankuna suna gasa a kan ƙananan masu ajiya yadda ba su taɓa yi ba. Saboda haka shawarar da za mu gabatar ita ce kada takardarmu ta zama ta roƙo. A rubuta ƙungiyoyi nawa ke bugawa, kwana nawa ake yi, mutum nawa ke tsayawa kallo, masu sana'a nawa ke kasa kaya a bakin fili. A nemi abu kaɗan amma a rubuce, na shekara uku, maimakon babban alkawari na shekara ɗaya da hoto. A kuma fara tara namu daga 'yan kasuwar unguwa da 'yan uwanmu da ke aiki a wasu garuruwa, yadda ko an amsa ko ba a amsa ba za a buga gasar.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo su kawo sunayen 'yan wasansu wurin sakatare kafin zama na gaba. Muna kuma neman matasa huɗu da za su ƙirga 'yan kallo a wasannin sada zumunci na wannan wata. Duk dattijon da ke da tsohon hoton Mighty Jets, ko littafin ajiya na Lion Bank ko na Standard Bank, ya taimaka ya ba mu aro mu ɗauki hotonsa mu sa a wannan shafi, za a mayar masa da abinsa a ranar.